Yadda Ake Fitar da Maiƙon da Ya Ƙone Ya Manne a Tukunya da Kasko

Maiƙo iri biyu ne a jikin kayan girki. Akwai na yau, wanda ruwan zafi da omo ke ɗauke shi nan take. Akwai kuma wanda ya kwana, ya sake hawa wuta, ya sake kwana, har ya zama danƙo mai ruwan ƙasa a gefen kasko, ko baƙin ɓawo mai tauri a gindin tukunya. Na biyun nan shi ne ke cinye soson ƙarfe, ya farfasa hannu, a gama dirza a ga bai ko motsa ba. An fi ganinsa bayan azumi, a kaskon da ya yi wata guda yana suyar ƙosai da dankali, da kuma bayan Babbar Sallah, a tukunyar da aka soya naman layya.

Uwargida, ba ƙarancin ƙarfi ne ke hana shi fita ba. Mai idan ya sha zafi da iska sau da yawa, ƙwayoyinsa suna sarƙewa da juna su zama wani abu dabam wanda ruwa ba ya narkar da shi, sabulu kuma ba ya ɗaga shi. Ta wannan hanyar ce fentin mai ke bushewa a jikin ƙofa. Man waken soya da man gyaɗa sun fi saurin yin wannan danƙo. Manja da kitse da man shanu sun fi jinkiri, amma suna barci da sanyi, su riƙe kunkunniya da ƙura, kullum a ɗora su a wuta su ƙara kauri.

Abin da ke karya shi dangin kanwa ne: bekin soda, tokar itace, kanwa, sai sodar masu haɗa sabulu. Na jera su ne daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Idan suka haɗu da mai a cikin zafi sai su mai da shi sabulu, ya saki ƙarfen da kansa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa sabulun salo da ruwan toka da mai ya ga wannan aikin da idonsa. Saboda haka abu uku ake buƙata: zafi, ɗan kanwa, da lokaci. Dirza ita ce ta ƙarshe, kuma idan an yi na farkon daidai ba ta da wahala.

Ki fara sanin irin tukunyar da ke hannunki

Nan ne mutane da yawa ke asarar kayansu, don abin da ke gyara wata tukunyar shi ke kashe wata. Kanwa mai ƙarfi ba ta yi wa baƙin ƙarfe da sitil (farin ƙarfen da ba ya tsatsa) komai, amma tana cin alminiyum, ta baƙanta shi, idan an bar ta ta kwana ma ta yi masa ƙananan ramuka. Ga shi kuma mafi yawan tukwanenmu na alminiyum ne, daga na kamfani marasa nauyi har na zubi da maƙera ke yi a Panteka ta Kaduna ko Katako ta Yamai.

A kasuwa duk abin da ke ƙyalli ana iya ce masa silba, don haka ki gwada da kanki. Mayen ƙarfe yana kama baƙin ƙarfe da samira, ba ya kama alminiyum. Sitil wani yana kamawa, wani ba ya kamawa, amma ya fi alminiyum nauyi da ƙyalli. Idan kika goga farin tsumma mai laima da ƙarfi a jikin alminiyum zai bar miki toka-toka a tsumman, sitil ba ya yin haka.

Mataki na farko: rage abin da zai ragu tun da ɗumi

Ki ɗora kaskon a wuta kaɗan har man da ya yi barci ya narke. Ki tsiyaye shi a gwangwani. Kada ki zuba shi a magudanar ruwa, don can zai sake daskarewa ya toshe miki bututu. Ki barbaɗa dusa ko busasshiyar toka a kan abin da ya rage, ki murza da takarda, ki zubar. Wannan ɗan aikin na minti biyu yana da amfani ƙwarai, domin duk man da ya rage yana yawo shi zai fara cinye kanwar da za ki zuba, kafin ta kai ga ɓawon da kike nufi.

Daga nan ki kankare abin da ya yi tudu da mara ko tsohon cokalin katako. Ban da wuƙa. Duk inda ta karce, nan gaba a nan maiƙo zai fara zama.

Mataki na biyu: tafasawa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ki zuba ruwa har ya haura inda dattin ya tsaya da kamar yatsa biyu. A kowace lita ɗaya ta ruwa ki sa babban cokali 3 na bekin soda, da ɗan omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, kamar rabin ƙaramin cokali. Ki lura bekin soda na ce, ba bekin fauda ta yin kek ba. Ita faudar akwai tsami a cikinta da ke kashe ƙarfin sodar, ba za ta yi miki komai ba.

Idan ya tafasa ki rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali na minti 15 zuwa 20. Ki tsaya kusa, yana kumfa yana iya zubowa. Za ki ga ruwan ya koma ruwan ƙasa, guntayen ɓawo suna tasowa. Ki riƙa tura su da muciya ko cokalin katako. Bekin soda a ruwan sanyi ba ta da wani ƙarfi sosai, tafasawar ce ke ƙara mata kaifi, shi ya sa masu jiƙawa a ruwan sanyi ke cewa sun gwada ba ta aiki.

Idan tukunyar ta sitil ce ko baƙin ƙarfe, kanwa ta fi bekin soda aiki, kuma ta fi araha. Ki daka ta ta yi laushi, ki sa babban cokali 2 a lita ɗaya. Jar kanwa ko fara ko ungurnu, duk suna yi, sai dai wata tana da yashi, ki jiƙa ta ki tace idan ba ki son karce. Bayan kin sauke ki rufe ki bar ta ta huce da ruwan a ciki. Idan ɓawon ya daɗe, ki bar shi ya kwana.

Alminiyum kuwa, ki tsaya a bekin soda, cokali 2 a lita, minti 10, ki sauke ki zubar da ruwan da zarar ya yi ɗumin da hannu zai iya. Gara ki maimaita sau biyu ko uku a gajarce da ki bar shi ya jiƙa tsawon dare.

Mataki na uku: kwaɓi a kan wuraren da suka ƙi

Bayan kin zubar da ruwan, galibi za ki tarar kashi mafi yawa ya tafi, saura zobe a bakin tukunya da kewayen ƙusoshin mariƙi. Ki kwaɓa bekin soda kashi 3 da ruwa kashi 1, da ɗigon sabulun ruwa, ya yi kauri yadda ba zai zuba ba. Ki shafa a wurin tun tukunyar na da ɗumi, ki bar shi rabin awa. Tsohon burushin haƙori shi ke shiga lungun mariƙi da ƙarƙashin leɓen murfi, inda soso ba ya kaiwa.

Toka ma tana yin wannan aikin, kuma ni na fi son ta a bayan tukunya, don tana da kaifin kanwa tana kuma da ɗan kaushin da ke goge ƙarfe ba tare da ta karce shi sosai ba. Amma a kula da irin tokar. Ta itace ko gawayi zalla ake so. Idan da leda ko roba aka hura wutar, ko an ƙona katako mai fenti, kada tokar ta taɓa abin da za a ci abinci a ciki. Ki tankaɗe ta da rariya don fitar da tsakuwa da guntun gawayi, ki kwaɓa da ruwan omo. Jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata idan an daɗe ana damawa da hannu, musamman da hunturu da hannu ke kaushi. Ki sa safar roba, in babu ki ɗaura leda.

Mataki na huɗu: dirza, ɗauraya, shanya

Yanzu ne soso zai yi aikinsa. Ki fara da mai laushi, sai in ya gaza ki ɗauko na ƙarfe, shi ma a kan sitil da baƙin ƙarfe da bayan alminiyum kawai. A jikin sitil ki bi layin da ƙarfen ke da shi, kada ki riƙa gicciye shi, karcen ba zai fito fili ba. Idan kin ji kina sa ƙarfi har kafaɗa na ciwo, ɓawon bai jiƙu ba ne. Ki ajiye soson ki koma mataki na biyu.

Yashi da guntun bulo da wasu ke amfani da su suna fitar da datti, ba musu. Sai dai suna tafiya da jikin tukunyar, su bar ta da kaushi, kuma tukunya mai kaushi ta fi mai santsi saurin kama maiƙo da ƙanzo.

Ki ɗauraye sau biyu da ruwa mai kyau, ki shafa yatsa ki ji. Idan akwai santsi, sauran kanwa ne ko sabulu, ki ƙara ɗaurayewa. Idan akwai danƙo, sauran maiƙo ne. Ki goge da tsumma ki kife a rana.

Bayan tukunya da gindinta

Wannan ya fi cikin tukunya wahala, don ba a iya zuba masa ruwa a tafasa, kuma a nan ne mai da hayaƙi ke haɗuwa, musamman a murhun itace da risho. Hanya biyu ce.

Idan kina da babbar tukunya irin ta biki, ki haɗa ruwan bekin soda a ciki, ki nutsa ƙaramar gaba ɗaya, ki tafasa minti 20, in akwai alminiyum kuwa minti 10. Murafe da ludayi da cokalin suya mai huji duk su shiga tare. Mariƙin roba ko na katako ne kawai za ki kwance tukuna, ko ki bar shi a saman ruwa. Ki tuna ita babbar ma galibi alminiyum ce, kada ki zuba mata kanwa.

Idan babu babba, ki kife tukunyar, ki kwarara mata ruwan zafi, ki shafe gindin da kwaɓin toka ko na bekin soda mai kauri, ki lulluɓe da leda don kada ya bushe. Kwaɓin da ya bushe ya daina aiki. Ki ajiye a rana, zafin rana a cikin leda yana taimakawa sosai. Sitil da baƙin ƙarfe za su iya wuni har su kwana. Alminiyum awa ɗaya ya isa, a wanke, a sake idan da saura. Ɓawon shekara da shekaru ba ya fita a zama ɗaya, kowane zagaye yana ɗauke wani sashe ne.

Kowace da halinta

Alminiyum da ya yi duhu bayan wanki bai lalace ba. Idan kina son haskensa ya dawo, ki tafasa ruwa da babban cokali 2 na ruwan lemun tsami ko ruwan khal a kowace lita, minti 10, ki zubar. Ruwan tsamiya ma yana yi. Amma a tukunyar zubi ina ba da shawarar a bar cikinta da duhunta. Ana zuba irin waɗannan tukwane ne da tarkacen alminiyum, har da sassan inji, kuma wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya gano suna sakin dalma idan an tafasa abu mai tsami a cikinsu. Mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ta fito. Don haka a fitar da maiƙon, amma kada a dirje cikin tukunyar zubi har ta yi fari tas, kuma kada a bar miyar tumatir ko zoɓo ko kunun tsamiya su kwana a ciki.

Samira gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Tafasa da bekin soda yana yi mata daidai, amma ban da soson ƙarfe, ban da zuba ruwan sanyi tana da zafi, don shafin yana tsagewa ya ɓare, wurin ya yi tsatsa. Kwanon gilashi na gashi ma haka ake bi da shi: ruwan ɗumi, kwaɓi, haƙuri.

Kaskon nonsitik, mai baƙin shafin da ke hana abinci kamawa, shi ya fi kowa rauni. Maiƙon da ke taruwa a gefensa yana sa ƙwai ya fara mannewa, sai a ɗauka shafin ne ya mutu, alhali wanki yake so. Babban cokali 2 na bekin soda a lita, ɓararraka minti 5, soso mai laushi, shi ke nan. Ban da toka, ban da soson ƙarfe. Kada kuma a bar shi a wuta babu komai a ciki, don shafin yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260. Idan ya riga ya fara ɓarewa, babu wankin da zai dawo da shi. Masu shayi da ke soya ƙwai tun asuba har dare, kaskon baƙin ƙarfe ya fi muku wannan nesa ba kusa ba.

Tukunyar ƙasa da tandar ƙasa suna shan duk abin da aka zuba musu. In kin sa omo, za ki ji shi a miyar gobe ko a wainar jibi. Ruwan zafi, kankara da mara, ɗan gishiri mai gari-gari a goge da shi, a shanya ta bushe sarai.

Kaskon ƙarfe da tanda: ba duk baƙi ne datti ba

A nan nake so a tsaya a kula. Baƙin da ke cikin kaskon ƙosai ko ramukan tandar ƙarfe, idan yana da santsi da sheƙi kuma ba ya danƙo a yatsa, shi ma mai ne da ya gasu, amma siriri ne kuma ya zauna daidai. Shi ke hana waina kamawa, shi ke hana tsatsa. Mai sana'ar waina ta san sabuwar tanda ba ta yin abin kirki sai ta sha mai ta horu. Wanda za a cire shi ne mai tudu-tudu, mai ɓarewa yana shiga abinci, mai warin tsohon mai, da kuma wanda ya taru a baya yana hana zafi ratsawa.

Wankin yau da kullum gishiri ne da ɗan mai a goge da tsumma, ko ruwan zafi da ɗan sabulu kaɗan, a busar a kan wuta nan take. Idan kuwa ɓawon ya yi yawa har sai an cire duka, a tafasa da kanwa kamar yadda na faɗa a sama. Wasu suna binne kaskon a garwashi har dattin ya zama toka. Yana yi, amma zafin na iya lanƙwasa siririn ƙarfe ko ya tsaga na zubi, don haka in za a yi a bar shi ya huce da kansa cikin tokar, kada a watsa masa ruwa. Ba a yi wa alminiyum haka, yana narkewa a digiri 660, garwashin da ake fifitawa kuma yana wuce nan.

Bayan an cire komai ƙarfen zai fito tsirara, kuma cikin ɗan lokaci zai fara jan tsatsa. Ki busar da shi a wuta, ki shafa masa man gyaɗa ciki da waje, sannan ki goge da busasshen tsumma har ki ga kamar babu sauran mai. Ki ɗora a wuta har ya yi hayaƙi, hayaƙin ya lafa, ki sauke ya huce. Ki maimaita sau 3 ko 4. Sirrin a ƙarancin man yake. In ya yi yawa, danƙon da kika gama fama da shi ne zai dawo.

Soda, da abubuwan da ba a haɗawa

Sodar masu sabulu tana narkar da kowane irin maiƙo, kuma masu manyan kasake na sana'a suna amfani da ita. A gida mai yara ban so a kai ga nan ba sai dole. Ruwanta garau yake, ba shi da wari, yaro na iya ɗauka ruwan sha ne, kuma kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro ƙonewar da kan bar tabo har abada. In dai za a yi, baƙin ƙarfe da sitil kaɗai. Tana cinye alminiyum, ta fitar da iska mai kama wuta. A sa kamar giram 250 a ruwan sanyi lita 10 a bokitin roba mai kauri da murfi. Soda ake zubawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. A waje ake yi, da safar roba da abin kare ido. A nutsa kaskon kwana ɗaya ko biyu a inda yaro ko dabba ba za su kai ba, a ciro, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a wanke da sabulu. Idan ta fantsama a fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, a nemi likita. Idan wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti.

Bilic irin su Hypo da Jik ba sa narkar da maiƙon da ya gasu, kuma idan aka haɗa su da lemun tsami ko khal ko ruwan wankin bayan gida, suna fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Kananzir da fetur ba su da hurumi a kayan abinci. Haɗa bekin soda da khal wuri ɗaya, wanda ake yawan nunawa a intanet, kumfa ce kawai mai ban sha'awa: tsamin da kanwar suna kashe juna, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ƙarfi ba. Tsami aikinsa dabam ne, shi ke cire farin ɓawon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari a buta, da kuma tsatsa. In kina buƙatar duka biyun, ki fara da kanwa ki ɗauraye, sannan tsami.

Don kada ya sake taruwa

Kafin ki ɗora tukunya a murhun itace, ki shafe bayanta da kwaɓin toka ko ɗan jiƙaƙƙen sabulu, ki bari ya sha iska. Hayaƙin a kan shafin zai zauna, da an zuba ruwa ya tafi tare da shi. Duk lokacin da kika tsiyaye mai daga kasko, ki goge layin da ya gangaro ta gefe kafin ki mayar da shi wuta, don wannan ɗigon shi ne farkon ɓawon gindi. Ki daidaita wuta da faɗin tukunya, harshen da ke lasar gefe shi ke gasa man da ya fantsama. Idan harshen gas ko risho ya koma ja ko rawaya yana hayaƙi, a duba ramukan murhun ko lagwanin. Da kin sauke abinci ki zuba wa tukunyar ruwan ɗumi da ɗan omo kafin a zauna ci, ban da kaskon baƙin ƙarfe da tanda, su a goge su ne a busar. Sau ɗaya a wata ki tafasa sauran kayan da kika fi suya da su a ruwan bekin soda minti 10, har da murafensu, ko da ido bai ga komai a jikinsu ba.